Kafin fentin kanti ya iso Magariya

A da, yaron ƙauye a ƙasar Magariya ba ya sayen launi, haɗa shi yake yi. Tun kafin a yanke Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, daga Bande har Wacha da Dogo-Dogo hanyar ɗaya ce: launin farko da yaro ke sani shi ne baƙin tawada.

A makarantar allo ake koyonsa. Yaro ya kankaro baƙin gindin tukunya ko ya daka gawayi, ya jiƙa ƙaro ya zuba. In ƙaron ya yi kaɗan, rubutu ya bushe ya kakkaɓe. In ya yi yawa, alƙalamin kara ya riƙa maƙewa. Ba wanda ke faɗa masa awo. Sai ya ɓata, ya sake, har hannunsa ya gane. Ranar da wani yayansu ya yi sauka aka fito da allon zayyana, ja da rawaya da kore sun zagaye ayoyi, ƙanana kan yi cincirindo suna kallo, washegari kuma ka tarar da su suna kwaikwayon zanen a bayan allunansu. Malam kan yi faɗa, wani lokacin kuma ya kau da kai.

Da damina, in tabki ya kawo, maza su gina shanu da dawaki na yumɓu, su shafe su da farar ƙasa da jar ƙasa. Mai wayo ya roƙi karan dafi wurin dukawa, ko ya tsoma tsinke a ragowar shunin wankin uwarsa. Ƴan mata kuwa nasu allon fuskar ƙawa ce: katambiri a goshi da kumatu, lalle a tafin hannu.

Ni dai ina ganin wannan karatu ne sosai. Yaron da ya haɗa launinsa ya san ƙasa, ya san itace, ya san haƙuri. Yau akwai fensir mai launi a kasuwa, amma a yawancin azuzuwan lakwal na karkara, musamman na zana, alli kaɗai malami ke da shi, kayan fenti sun fi ƙarfin aljihun iyaye. Farar ƙasa da ƙaro kuwa suna nan a bayan gari, kuma tsofaffin da suka iya haɗin ba su ƙare ba.