Tsofaffin Soraye a Kura da Bunkure

Idan muka bar Kano ta hanyar Zariya, tafiyar kilomita kamar 30 za ta kawo mu Kura. Ko da tsakar rani ƙasar kore shar take, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya bi manyan magudanai ya ratsa gonakin Bunkure da Kadawa da Kura.

Noman rani ya kawo kuɗi, kuɗi kuwa ya kawo bulo da kwano. Samari sukan yi gini a bakin titi, su bar wa tsofaffi soraye a cikin gari. In tsoho ya rasu, sai a ja ƙyaure a sa kwaɗo. Irin gidajen nan ne baƙo yakan samu da araha, ko malamin makaranta ne, ko mai fataucin tumatir.

Ba mu kaɗai ke da gidan da ba kowa ba. A ƙasar Jafan, ƙidayar 2023 ta sami gidaje wajen miliyan 9 a rufe. Akiya suke ce musu, har hukumomin ƙauyuka suna rubuta su a rajista don neman mai saye ko haya. Amma su mutane ne suka ƙaranta. Mu kuwa jama'a na nan danƙam, ginin ƙasa aka guda.

Mu dai muna son soro. Cikin zafin Afrilu ka shiga zaure ka ji sanyi, abin da ɗakin kwano ba shi da shi. Sai dai gidan ƙasa ba ya jure kaɗaici. Da an daina yaɓe, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, gara ta shiga azara, shi ke nan ya zama kango. A ƙasar ban-ruwa kuma akwai ƙari: inda ruwa ya yawaita yakan taso ta ƙarƙashi, danshi ya ci gindin bango. Mai neman gida ya durƙusa ya taɓa ƙasan katanga. In ta yi farin gishiri tana marmashewa, ya nemo magini kafin ya yi ciniki. Sauro ma ba ya hutun rani a nan.

Babbar magana ita ce gado. Gida ɗaya yakan zama na 'ya'ya goma, wani yana Legas, wata tana aure a Rano. Wanda ke riƙe da makulli ba lalle shi kaɗai ke da gidan ba. Kada a biya ko kwabo sai magada sun yarda gaban mai unguwa da dagaci, an rubuta takarda da shaidu.

Ga iyali mai yara, shawararmu a fara da hayar shekara guda. Ruwan Agusta zai nuna inda rufin ke yoyo.