Biza Kafin Tashi ko Biza a Bakin Ƙofa: Kallo Daga Hanyar Birnin Gwari

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiyar kilomita 120 ce da 'yan kai. Mota ta fita ta Mando, ta wuce Buruku da Udawa, daga nan gidaje su riƙa janyewa daga bakin titi, daji ya matso. Doka ce da maje da kawo da taura, nan da can kaɗanya, ga duwatsu masu sanƙo suna leƙowa ta saman itatuwa. A cikin wannan daji Gandun Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,120. Akwai magangarar ruwa ta Dogon Ruwa, akwai Goron Dutse, kuma masana tsuntsaye sun san shi da burtu da tuje. Irin wannan wuri ake nufi duk lokacin da hukuma ta yi maganar jawo masu yawon buɗe ido, kuma da sunansu ake sauya dokokin biza.

An sauya su kuwa sau biyu cikin 'yan shekaru. A Disamba 2019, a birnin Aswan na Masar, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi shelar cewa 'yan Afirka za su riƙa karɓar bizar Najeriya a filin jirgi bayan sun sauka, daga Janairu 2020. Daga 1 ga Mayu 2025 kuma, a ƙarƙashin ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo, aka rufe wannan ƙofa aka buɗe ta intanet: baƙo ya cike takarda yana gidansa, ya biya, a aiko masa da amsa, bisa alkawarin hukuma, cikin awa 48. 'Yan ƙasashen ECOWAS ba ruwansu da wannan, domin yarjejeniyar 1979 ta ba su kwana 90 ba biza. Saboda haka baƙon da ke son ganin Kamuku ba shi da sauran zaɓi. Zaɓin yana nan ne ga namu masu fita, ɗalibi ko ɗan kasuwa da ya nufi ƙasar da ke ba da duka biyun.

Mutane sukan auna su da kuɗi ko da tsawon layi a filin jirgi. A ganina ma'aunin da ya fi waɗannan shi ne inda ƙi zai same ka. Wanda aka hana bizar intanet yana zaune a ɗakinsa, asararsa kuɗin takarda, gobe ya sake shiri. Wanda aka hana a bakin ƙofa ya riga ya sayi tikiti, ya yi sallama da iyali, yana tsaye a gaban jami'in da ba ya jin harshensa, fasfonsa kuma na hannun wani. Akwai kuma wata ƙofa kafin wannan: kamfanin jirgi ne ke ɗaukar nauyin mayar da fasinjan da aka ƙi, don haka ma'aikacinsa a Kano ko Abuja na iya hana ka hawa idan bai gamsu cewa fasfon Najeriya na cikin waɗanda ake ba biza a can ba. Dokar kuma tana iya juyawa tsakanin ranar sayen tikiti da ranar tashi. Habasha, wadda ta buɗe wa 'yan Afirka bizar sauka a 2018, ta janye ta daga 'yan Najeriya a Oktoba 2022.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Birnin Gwari. Tsohon garin yana kan hanyar fatake da ta haɗa Kano da Zazzau da ƙasar Nupe, har zuwa Gwanja inda ake ɗauko goro. Kowane sarki a hanya yana da gaisuwarsa, kowane kogi yana da kuɗin fitonsa. Babban aikin madugu shi ne ya san waɗannan tun ayari bai motsa ba, ya aika jagaba gaba, ya daidaita da mai gari kafin jakuna su iso ƙofa. Ayarin da ya zo ba sanarwa, ya sauke kaya sannan ya fara ciniki, abin da aka yanka masa shi zai biya, tunda ba zai koma da lodin ba.

Sai dai izinin da aka samu tun daga gida ma ba ya ɗaure hannun mai ƙofa. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa Birnin Gwari a 1826 kan hanyarsa daga Badagiri zuwa Kano da Sakkwato. Ya zo da ƙarfin gwiwa, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi hannu biyu a 1824. Amma ya tarar Sakkwato da Barno suna yaƙi, aka hana shi wucewa wurin Shehu Laminu, aka riƙe kyautar da ya ɗauko masa, ya rasu a Sakkwato a Afrilu 1827. A Nuwamba 2023 ma, jirgin da ya tashi daga Legas ya biya ta Kano ya sauka Jidda da fasinjoji 264, hukumomin Saudiyya suka soke bizar da ke hannunsu, aka dawo da 177. Biza izini ce ta zuwa bakin ƙofa. Shiga kuwa sai jami'in da ke wurin ya buga hatimi. Duk da haka mai takarda a hannu yana da abin nunawa da abin kai ƙara, wanda ya zo hannu rabbana kuwa sai roƙo.

Abin da ya fi ciwo shi ne mutanen Birnin Gwari sun ɗanɗani mummunan nau'in izinin bakin ƙofa a cikin ƙasarsu ta haihuwa. Shekara da shekaru dajin Kamuku da na Kuyambana da ke maƙwabtaka da shi a Zamfara suna hannun 'yan bindiga. A Mayu 2018 aka kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska. Motoci suka koma jiran rakiyar soja kafin su kama hanyar Kaduna. Manomi ya yi shuka, ya yi noma, sai amfani ya nuna a ce masa ba zai girbe ba sai ya biya. Farashin ba ya fitowa sai hatsi ya tsaya a gona, lokacin da mai shi ba shi da wurin ja da baya. Direban da ya yi aiki a wannan hanya ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin tambaya kafin tashi. Tun asuba yake buga waya Buruku da Udawa ya ji yadda hanya ta kwana.

To amma waya sai da sabis, kuma a nan ne bizar intanet ke nuna nata aibin. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Nasiru el-Rufa'i ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, har da Birnin Gwari, kusan wata biyu. Ko a lokacin da sabis ke nan, takardar da Turanci take, biyan kuma da katin banki mai aiki a waje. Wanda ba shi da waɗannan sai ya miƙa fasfonsa ga mai shagon kwamfuta ko dillali, ga shafukan bogi masu kwaikwayon na gwamnati suna karɓar ninkin kuɗi. Harafi ɗaya da ya kauce a suna ko lambar fasfo ya isa ya ɓata tafiya, mu kuwa da mutum ɗaya ke zama Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Mamman a gida, mun fi kowa shiga wannan tarko. Na fi son bizar intanet duk da haka, amma da sharaɗin mai tafiya ya duba shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kansa, ya karanta abin da aka cike masa harafi-harafi, ya buga takardar ya riƙe, kada ya dogara da wayar da caji ke iya ƙare mata a kan layi.

A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe. Motocin shanu da na hatsi sun dawo kan titi, ko da yake akwai masu kallon sulhun da ido ɗaya, kuma ba a ga laifinsu ba. Baƙon da ya sauka Abuja da bizarsa ta intanet yana nufin Dogon Ruwa, takardarsa ta kai shi Najeriya ne kawai. Daga Mando zuwa gaba yana buƙatar amsar Hukumar Gandun Dajin Ƙasa, da sanin fadar Sarki Zubairu Jibril Mai Gwari II, da direba ɗan gari wanda ya buga waya da asuba, kuma duk waɗannan tun yana Kaduna ya kamata ya same su.