Tun Ran Gini Ran Zane

Abin da ya fi ɗaure mini kai game da tsaunukan Alps na Suwizalan shi ne yadda masifar Janairu ke somawa tun Nuwamba. Dusar ƙanƙarar farko ba ta da kauri. Dararen sanyi kan mayar da ita tsaki-tsaki kamar sukari, ba ta kama juna. Sabuwar dusa ta lulluɓe ta, dutse ya yi fari fes. Nauyin mutum guda ya isa ya zaftaro ta, musamman a gangare mai digiri 30 zuwa 45. Wanda ta binne kuwa, bayan minti 15 damar tsirarsa ta fara dusashewa. Shi ya sa masanan cibiyar Davos ke haƙa rami su karanta ƙarƙashi. A ganina, wannan shi ne karatu.