Agogo da Dukiyar Gida

Mu nan Katsina muna nesa da teku, amma a cikinmu akwai masu tara tsofaffin agogunan masu nutso. Rolex Submariner, wanda aka fara yi a 1953, a wancan lokacin yana jure zurfin mita 100. Na farkon sun yi ƙaranci, kuɗinsu ya hau sosai, don haka muke kiransu ajiyar gobe.

To, 'yan'uwa, jabu ya yi yawa, ɓarawo kuma ba ya barci. Yesu ya gargaɗe mu kan irin wannan ajiya a Matiyu sura 6. Kafin mu sayi agogo na biyu, bari mu duba hatsin gida, mu biya kuɗin makarantar yara. Agogo ɗaya ya isa ya kai mu sujada kan lokaci.