Malamin Lissafi Na Makarantar Midil

A zamanin fam da sule, tun kafin a sake kuɗi a 1973, an yi wani malamin lissafi a wata Makarantar Midil wanda almajiransa ba su manta da shi ba. Mutum ne mai tsanani ƙwarai. Duk yaron da bai haddace kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam ba, ran nan sai dai ya ji labarin wasa.

Amma duk da tsananinsa akwai shi da ban dariya. Ya kan ce sifiri dogari ne: shi kaɗai ba ya da kome, amma in ya tsaya bayan 1, nan da nan ta zama 10. Wata rana wani yaro ya lissafa kuɗin jaki, maimakon fam 2 ya sami fam 200. Malam ya ce, "Madalla, Alhaji! Gobe ka raka ni kasuwa ka sayar mini da nawa." Aji ya fashe da dariya, yaron kuwa bai sake sakaci ba.

Malam ya san yawancin yaran nan aikin haraji da jangali da Baitulmali za su kama a En'e. Ya kan ce musu kwabon da ya ɓata cikin littafi, ko talaka ya biya shi da hawaye, ko malami ya amsa gaban alƙali. Saboda haka da yawansu suka gama aiki da mutuncinsu.

Kai kuma da ka koyi karatu da girmanka, ka haɗa da lissafi, don kada a cuce ka wajen awo. Allah ya jiƙan Malam.