Hoton Zakaran Ƙeƙuwa

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa ratsa fadama, wataƙila wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu ya taɓa cika maka kunne da kuka. Kansa da ƙirjinsa baƙi ne, kumatunsa fari fat, bayansa kuwa ruwan ƙasa. Shi ne zakaran ƙeƙuwa. Ba ya yin sheƙa a kan itace. Ɗan rami yake yi a ƙasa, macen ta saka ƙwai uku ko huɗu a ciki. Tun da gidansa ba shi da katanga, faɗa ne tsaronsa. A gaɓar kowane fiffikensa akwai wata 'yar ƙaya mai tsini, kuma ita ce makaminsa.

Hoton wannan faɗa ne ya kai ni fadamar Nguru, a Jihar Yobe. Na kwana uku ina fako daga nesa. Na ga ya kori shirwa, na ga ya hana saniya wucewa, amma duk hotunan da na ɗauka sun fito dishi-dishi. A rana ta huɗu haƙurina ya ƙare, sai na matsa kusa.

Nan da nan namiji da macen suka tashi tare, suka yo kaina. Ɗaya ya sauko kamar kibiya, har na ji iskar fiffikensa a kunnena. Ka san daɗin samun abin da ka daɗe kana nema? Haka na yi ta danna kyamara, ban ko waiwaya ba.

Wani tsoho masunci ne ya kira ni daga bakin ruwa. Ya ce, "Ɗana, dubi bayansu."

Na duba. Ashe hankaka ya ga iyaye sun bar sheƙa, ya sauka, ya soki ƙwai ɗaya, ya tashi da shi. Na ce, "Baba, wallahi ban lura ba." Bai amsa mini ba, ya ci gaba da gyaran komarsa.

Hoton ya yi kyau ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ana ganin jan idon tsuntsun, ana ganin ƙayar fiffikensa sarai. Amma idan ka duba can ƙasa, wajen hannun hagu, za ka ga wani abu baƙi da fari yana sauka.