Muryar Baba A Cikin Shuɗin Akwati

Mu uku ne muka yi wannan aiki: mu biyu ƙannen marigayi Yayanmu, da kuma babban ɗansa, wanda shi ne ya fi mu sanin kan na'ura. Don haka idan mai karatu ya ji muna ta cewa "mun yi, mun yi", to ya sani cewa rabin wahalar yaron ne ya sha, mu namu riƙe fitila da ba da shawarar da ba a tambaye mu ba.

Asalin maganar kuwa shi ne, Yaya ya yi karatun injiniya a wata jami'a a Ingila tsakanin 1994 da 1998. Da zai dawo gida sai ya tarar sashensu na rabuwa da tsofaffin kwamfutocinsa, ya saye wadda ya yi aikin digirinsa a kanta, ya haɗo ta da littattafansa cikin jirgin ruwa. Wani shuɗin akwati ne mai faɗi, bai fi tiren shayi girma ba sosai, a goshinsa an rubuta Indy. Shekara da shekaru yana bisa kabad a ɗakinsa, an lulluɓe shi da tsohon zane. Muka sha yi masa tsiya a kansa, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ku bar shi, Baba na ciki."

Ba mu taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba sai da Allah ya yi masa rasuwa a 2022. Ranar da ake raba kayansa Inna ta hana a fitar da akwatin. A nan ne ta tuna mana cewa a 1996, lokacin da aka kai Baba Ingila neman magani, ya sauka wurin Yaya, kuma Yaya ya zaunar da shi gaban wannan na'ura ya ɗauki hotonsa mai motsi, har da magana. Baba ya rasu a 1997. Hotunansa na kati muna da su guda biyar, amma muryarsa ba ta ko'ina, babu kaset babu komai. Inna ta ce, "Yayanku ya yi mini alkawari zai nuna mini, kullum sai ya ce sai ya sami allo. To ga shi ya tafi. Ku kuma sai yaushe?" Shekarunta sun haura tamanin, idanunta kuma sun fara hazo. Ba wanda ya iya amsa mata.

Bari mu ɗan gaya wa mai karatu ko wace irin na'ura ce wannan, don kada ya zaci irin kwamfutar ofis ce da aka saba gani. Kamfanin Silicon Graphics na jihar Kalifoniya a Amurka, wanda Jim Clark ya kafa a farkon shekarun 1980, shi ya ƙera ta, ya fito da ita a 1993 a kan kuɗi wajen dala 5,000, kuma a haka ita ce mai arahar cikin 'ya'yan gidan. Da manyan 'yan'uwanta aka zana dodannin nan na fim ɗin Jurassic Park. Tana zuwa da 'yar kyamararta da ake ɗorawa bisa allo, a zamanin da yawancin mutane ba su taɓa jin labarin irin haka ba. Ƙwaƙwalwarta ƙirar MIPS ce, tsarin da ke tafiyar da ita kuma IRIX, wanda aka fitar da bugunsa na ƙarshe a 2006. Kamfanin da kansa ya durƙushe a 2009 aka sayar da shi. Wato dai marainiya ce, ba uwa ba uba, ba shagon da za ka kai ta.

Daren farko da muka sa mata wuta, hannunmu na rawa. Ta yi ɗan kiɗan nan nata na gaisuwa, faifan ciki ya ɗauki juyi da wani irin kuka mai tsini kamar na injin niƙa daga nesa. Yaron ya ce mana wannan kukan ba alheri ba ne: faifan ya kusa shekara talatin, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Daga ranar muka kafa doka, ba a kunna ta sai da dalili, ba kuma a kan wutar gari ba, sai an tada janareta an bar shi ya daidaita.

Allo ya ci mana mako uku. Bakin wayarta ba irin na sauran ba ne, ana ce masa 13W3, kuma tana cusa siginar daidaita hoto ne cikin layin koren launi, abin da yawancin allunan yanzu ba su fahimta. Muka yi ta yawo a layin Beirut a Kano da hoton bakin wayar a hannu, wani mai shago har ya tambaye mu ko na injin asibiti ne. Daga ƙarshe mahaɗin daga waje aka aiko mana, allon kuwa wani tsoho ne da muka gwada a karo na shida ya karɓa.

Sai ga fuskar IRIX ta bayyana, da sunan Yaya a ƙarƙashin wani ɗan hoto. Kalmar sirrinsa tana bangon littafinsa na lissafi, sunan unguwarmu ne. Agogon na'urar ya rikice sarai, don batirin da ke riƙe da shi ya daɗe da mutuwa. Muka shiga, muka bi aljihunan fayil ɗaya bayan ɗaya, har muka iske shi: baba.mv.

Muka danna. Shiru. Muka sake dannawa, wata 'yar taga ta yi kamar za ta buɗe ta ɓace. Kai, ranar mun ga tashin hankali, don abin da ya fara zuwa zuciyarmu shi ne fayil ɗin ya lalace. Yaron ne ya ce mu yi haƙuri, ya kira manhajar majigin ta hanyar rubuta sunanta da hannu, don ta faɗi abin da ke damunta. Ta kuwa faɗa: tana neman wani kundi daga cikin kundayen sauti da hoto da take dogara da su, ba ta same shi ba. Da muka duba sai muka gane aikin Yaya ne. Faifan gigabait ɗaya ne tak, lissafin digirinsa ya cinye wuri, sai ya kwashe duk abin da ba ya bukata a lokacin. Ya bar Baba a ɗaki, ya jefar da mabuɗin.

A nan muka yi kuskuren da ya ci mana kwana goma. Yaron ya samo wata manhajar majigi da masu sha'awar irin waɗannan na'urori suka gyara don IRIX, muka ce shi ke nan. Kafin ma a shigar da ita sai da aka gyara hanyar sadarwa, don mutuwar batirin nan ta shafe lambar shaidar da na'urar ke gabatar da kanta da ita; daga 'yar takardar da ke manne a bayanta muka kwafo lambar muka mayar. Manhaja ta shiga, ta ƙi tashi. Ashe tamu IRIX 5.3 ce ta 1994, wadda ke jin tsohon salon haɗa manhaja da ake kira o32 kawai, ita kuwa baƙuwar an ɗinka ta ne da sabon salon n32, wanda sai daga IRIX 6.2 ta 1996 ya zama ruwan dare. Daɗin daɗawa, an yi ta don ƙwaƙwalwar da ta fi R4600 ɗinmu sabunta. Riga ce mai kyau, amma ba ta mai wannan jikin ba.

Yaron ya kawo shawarar a ɗora sabon tsarin gaba ɗaya. Mu tsofaffin muka ƙi, kuma har gobe muna ganin mu ke da gaskiya, ko da yake ba da ilmi muka ƙi ba, da tsoro ne. Ba a rushe ɗaki a sake gini alhali mai ɗakin na kwance a ciki. Abin da muka yarda da shi shi ne a fara kwafe baba.mv zuwa kwamfutarsa ta hannu, tun da hanya ta buɗe. Ya shige lafiya, muka yi kwafi uku. Daren nan ne muka fara barci sosai.

Fayafayan IRIX na asali suna cikin akwatin littattafan Yaya, kowanne da rigarsa. Na'urar karanta su ce babu, don tana son mai bakin SCSI, mai karanta faifai a gutsuren bait 512, ba 2048 da aka saba ba. Sai yaron ya ɗauki hoton fayafayan a kwamfutarsa, ya miƙa mata kundayen da suka ɓata ta waya. Minti ashirin aka gama.

Muka danna, sai ga Baba. Yana sanye da babbar riga bisa suwaita, hularsa ta ɗan karkace. Amma yana motsi kamar mai sanɗa, ya tsaya, ya yi tsalle, ya tsaya, kuma bakinsa na motsi ba sauti. Tsallen laifinmu ne: don ɗoki mun ja tagar ta cika allo, alhali hoton ɗigo 320 ne a faɗi, 240 a tsaye, ƙwaƙwalwar kuma ba ta iya warware shi da faɗaɗa shi a lokaci guda, sai ta riƙa zubar da wasu. Muka mayar da shi girmansa, kamar tafin hannu, ya miƙe sumul. Sautin kuwa mun yi awa biyu muna zargin manhaja, muna ɗaga ma'auni muna saukewa, kafin ƙanwarmu, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta tambaya ko mun lura kiɗan gaisuwar ma ya daina fita tun makon jiya. Lasifikar ciki ce ta mutu. Muka jona ta rediyo a baya.

Daga baya yaron ya gano cewa FFmpeg, wadda ke kan kwamfutarsa tun tuni, ta san wannan tsohon nau'in fayil, ya juya shi cikin daƙiƙa kaɗan, yanzu yana wayar kowa a gidan. Ya ce da ya sani da ba mu sha wannan wahala ba. Wataƙila. Inna dai ta ce ita a akwatin aka yi mata alkawari.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka ɗauko ta, muka zaunar da ita dab da allo. Minti ɗaya ne da daƙiƙa arba'in. Baba bai dubi kyamara ba ko sau ɗaya, kansa yake kallo a allo. Ya ce, "To ina zan duba?" Aka ji Yaya daga gefe yana dariya yana cewa, "Nan sama, Baba." Ya yi sallama, ya ce sanyin garin ya fi ƙarfin bayani, ya ce a gaya wa mai ɗakinsa jiki da sauƙi, kada kuma a sayar da ragon nan kafin ya dawo. Sannan ya juya ya ce, "Shi ke nan? Ta ji?"

Inna ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin daidai hular, ta ce, "Ko a can ma ba wanda ya gyara masa ita." Sai ta juyo wajen jikanta ta ce, "Kai, maido shi farko, ban ji abin da ya ce kan ragon ba."